Rabin Goɗiya

Ran kasuwar Tama da ta wuce, jikana ya ɗora ni a bayan motonsa, wato babur, wai in je in sha iska, tun da ƙafafuna sun daina kai ni ko'ina sai masallaci. Na ce ya bi da ni ta gindin tsamiyar da ake tsai da dawaki. Ya waiwayo ya dube ni kamar na yi masa Larabci. Da muka isa sai na tarar tsamiyar ma babu ita, an kafa rumfar kwano a wurin, wasu samari na sayar da esansi, wato man fetur, a kwalabe, rediyo na ta kururuwa a kansu. Na tsaya ina neman ko warin doki ne in ji, ban ji ba. Yaran sun gaishe ni da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba, ɗaya har ya ba ni kujera. Amma da na tambaye su ko sun san a nan ake cinikin dawakin da ake kaiwa har Sakkwato, sai suka yi irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Tun daga ranar nake kwana ina tashi da wani abu da ya same ni lokacin da gemuna bai gama fitowa ba, shi ya sa na ce bari in faɗe shi tun bakina yana iyawa.

A zamaninmu kunne ne ke fara sanin gari ya waye. Kafin ladan ya gyara murya za ka ji doki ya yi firji a turke, ya buga kofato a ƙasa, yana tuna maka cewa shi ba ya azumi. Daga nan sai tabarya ta ɗauka gida-gida. Yaro bai isa ya sa komai a bakinsa ba sai ya ɗauki lauje ya gangara fadama ya yanko ciyawa, raɓa ta jiƙa shi har ƙugu, ya dawo ya kwashe kashin doki, ya dama dussa da ruwan kanwa, ya cire kaska daga bayan kunne da gindin wutsiya. Da damina kuma a hura wuta da ɗanyen itace kusa da turke don hayaƙi ya kori ƙuda, kai da dokin ku yi ta hawaye tare. Manya kan ce mai doki ba ya da ranar hutu, bawa ma ya fi shi barci. Yanzu jikana ya kan jingine motonsa a zaure, ya murɗa makulli ya sa a aljihu, shi ke nan ya gama da shi sai gobe. Ba ya jin yunwa, ba ya ciwo, ba ya sanin muryar mai shi. Na yarda ya fi sauƙi, amma ban taɓa ganin wanda moto ya yi wa haniniya don ya dawo daga tafiya ba.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, don haka a hannun ƙanin mahaifiyata na tashi, Kawu Nomau, dillalin dawaki. Gajere ne, mai kaifin baki, ba ya yabon komai sai in zai sayar da shi. Da shi na zaga kasuwannin Tama da Karofane da Buza da Madawa, ni ne mai hawa in yi sukuwa in dawo don mai saye ya gani. A wurinsa na koyi buɗe baki a duba haƙori, da kaɗa hula kusa da ido a ga ko dokin na gani, da kasa kunne a haƙarƙari bayan gudu a ji yadda numfashi ke fita. Mai saye ya taya, mai doki ya kau da kai ya ce albarka, Kawu ya ja wannan gefe ya ja wancan gefe yana rantsuwa da kabarin kakanninsa, har rana ta karkata kafin a ji kalmar sallama. Yawancin abin da ke shiga hannunmu dawakin ƙasa ne, gajeru masu haƙuri, na zuwa gona da biki. Amma da kaka, in Buzaye sun gangaro daga arewa da raƙumansu don su ci karan gonakinmu, sukan zo da wani irin doki dabam, wanda ake ce wa mai jinin Larabawa. Kansa ƙarami, hancinsa a buɗe, fatarsa sirirriya har kana ganin jijiya, in ya tashi gudu ya ɗaga wutsiya sama. In irin wannan ya shigo kasuwa, masu cinikin jakai ma barin nasu suke yi su zo kallo.

To, Buzu zai sayar maka da namiji in ka cika masa hannu. Goɗiya ce ba ya sayarwa, domin a wurinta iri yake, kuma sukan lissafa uwayenta kamar yadda mutum ke lissafa kakanninsa. Abin da kawai yakan yi shi ne ya sayar da rabinta, shi ma sai ga gidan da ya sani. Ta zauna a turkenka, ka ci da ita, ka hau ta, in ta haihu na fari nasa, na biyu naka. Mu kuwa akwai gidan Buzayen da ya san mu, sanin da ba mu cika son tunawa ba. Kakana ya yi rayuwarsa yana auna wa mahaifin wani dattijo mai suna Agali gero kowace kaka, kuma ya taɓa tafiya arewa ya yi shekaru a bayan raƙuma saboda wata saniya da ta ɓata a hannunsa. A lokacin da nake ba ku labari Nasara ya riga ya karya wannan mulki, amma bai karya shi a cikin kakata ba. Iya, haka muke kiranta, in ta hango rawanin Agali daga nesa sai ta rage murya ko da a cikin ɗaki take.

Wata kaka Agali ya sauka a gonarmu da wata goɗiya kili, fara mai ratsin toka. Na ga dawaki kafin ita, na gani bayanta, ban ga kamarta ba. Na daina cin abinci. Na bi Kawu da naci har ya gaji ya kai maganar, aka shirya cewa in ba da abin da mahaifina ya bar mini, 'yan shanu da rumbun gero, in karɓi rabinta. Da Iya ta ji, ta daɗe tana kallona. Ta saba tsokanata da mai gida, yadda kakanni ke yi, amma ranar babu wasa a muryarta.

"Mai gida, linzami ya hi ƙarhin bakin kaza," in ji ta. "Kakanka saniya ta, ba ma goɗiya ba."

Na yi dariya na ce zamani ya sake. Aka taru a bakin gona da liman da shaidu, Agali ya ɗora hannunsa a gezar goɗiyar, ya sa na ɗora nawa. Dogo ne, ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu, muryarsa kuma ba ta tashi.

"Ɗan gidanmu, ka jiya da kyau," ya ce. "Baƙo ba shi hawanta. Ba a aza mata kaya. Ba a kai ta ga dokin gari, in lokaci ya yi ni ka kawo ingarma. In Allah ya ɗauke ta, Allah na. Amma in ta ɓace ko ta lalace ga hannunka, kai na madadinta."

Na ce na ji na yarda, aka shafa fatiha. Ina saurayi, maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Na ci duniyata da tsinke a wannan rani. Goɗiyar da nonon raƙumi aka yaye ta, don haka in ta ji ana dama fura sai ta yi ta kiran mutane har a kawo mata ƙwarya. Ta san takuna a cikin na mutum goma. In na fita kilisa da yamma 'yan mata a rijiya sukan saki guga, ni kuwa in ƙara gyara zama kamar ban gan su ba. Kawu ya ce tun da na samu rabin goɗiya na rasa rabin hankalina.

Sai yaƙin Nasara ya zo. Mu ba mu ga yaƙin ba, nauyinsa muka ɗauka. Aka rufe hanyar Sakkwato, tufafi ya yi wuya har wasu mata suka daina fita, aka riƙa karɓar gero da shanu da samari. Abin da muka fi tsoro shi ne jar hular gardi, wato dogarin Nasara, a bakin gari. In an hango ta sai tabarya ta tsaya, yara su shige, karnuka kaɗai ke magana. Ana cikin damina, Agali na can arewa ya kai dabbobinsa lasar gishiri, mai shela ya bi gari yana cewa duk mai doki ya kai shi bariki, kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, zai duba ya zaɓi na soja. Wanda ya ɓoye, kaso, wato kurkuku. Ɓoyewar ma ba ta taso ba, domin babu wanda bai san goɗiyata ba daga nan har Madawa, na kuwa nuna ta da kaina. Kowa ya san in Nasara ya ɗora ido a kanta ta tafi. A ranar ne maganar Agali ta dawo mini, kalma bayan kalma.

Kawu ya kira ni bayan rumbu. Ya ce akwai wata dabara ta dillalai, wadda akan yi in ana son a karya darajar doki a idon mai saye. Ya tsinko sili ɗaya daga wutsiyar goɗiyar, dogo mai ƙarfi, ya ce in riƙe mata kai. Ya durƙusa ya ɗaure shi tamau a wuyan ƙafarta ta gaba, bisa kofato kaɗan, ya shafa gashin wurin ya rufe shi. Ko ni da na ga an ɗaura, da na duba ban gan shi ba.

"Kahin mu kai bariki tana ɗingishi," ya ce. "Nasara ba shi ɗaukar gurguwa. Da mun hito mu yanke, ta kwana ta tashi garau. Abu guda na, kada rana ta hito mishi sau biyu. In ya wuce hakanan shina cin nama."

Muka kama hanya da sassafe, ni da shi da sauran masu dawakin garinmu. Kafin hantsi ta fara taka ƙafar da tsoro, kafin azahar tana ɗingishi sosai. Har na ji daɗi, Allah ya gafarta mana. Da muka isa aka karɓe wuƙaƙenmu a bakin ƙofa, aka shigar da dawakin cikin wani babban shinge na ƙaya, aka ce masu su su zauna a waje. Sai wajen la'asar tafinta ya fito ya ce kumandan ya tafi rangadi, a jira shi. Wani ya tambaya sai yaushe. Tafinta ya ce Nasara ba ya gaya wa kowa ranar dawowarsa. Na dubi Kawu, na ga ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da tsinke.

Rana ta fito wa silin sau biyu, ta ƙara, ta ƙara. Aikinmu shi ne mu yanko ciyawa mu jefa ta kan shingen, kuma sau ɗaya a wuni a bar kowa ya ja dokinsa zuwa rijiya, gardi na gaba gardi na baya. Daga inda nake zaune ina hango ta. Da farko tana taka ƙafar da bakin kofato, daga baya ta ɗauke ta gaba ɗaya, ta tsaya a kan uku. Wurin ya kumbura ya yi sheƙi, ƙuda suka gano shi. In ta hango ni sai ta yi 'yar haniniya ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi in tana son fura. Ni kuwa ba ni da abin ba ta sai ido. In an miƙo mini ƙwaryar abinci sai in miƙa wa na kusa.

Ashe ba mu kaɗai muka san dabarar ba. Wata rana da tsakar rana aka ji hayaniya a cikin shingen, gardawa suka fito da wani mutum daga ƙauyukan dutse, suna riƙe da sili a hannu suna nuna wa mutane. An same shi a ƙafar dokinsa. Aka kwantar da shi a gabanmu, a rana, aka yi masa bulala har ya daina kiran sunan Allah da ƙarfi, sai leɓensa ke motsi. Daga nan aka ja shi kaso, aka ce zai tafi aikin hanya, dokin kuma ya zama na soja ko ya warke ko bai warke ba. Na ji fitsari na neman kuɓuce mini, ni da nake ganin kaina namiji. Bayan haka gardawan suka bi dawaki masu ɗingishi suna shafa ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo kan tawa na rufe ido. Kumburin ne ya cece ni, domin ya riga ya haɗiye silin, yatsa ba ya samunsa.

Kashegari a rijiya na faki ido na durƙusa kamar ina wanke mata ƙafa, na sa farce ina nema. Wurin da zafi kamar tukunya, wani ruwa-ruwa na fita. Na taɓa silin can ciki, ta zabura. Sai na ga inuwa a kaina. Wani gardi ne, babba, mai furfura a gemu, wanda ba ya yawan magana.

"Mi kake biɗa nan?" ya ce.

"Ƙaya ta, ranka shi daɗe."

Ya durƙusa kusa da ni, ya kama ƙafar yadda mai doki ke kamawa, ba yadda soja ke kamawa ba. Ya danna da babban yatsa daidai wurin. Na san ya sani. Na ji ƙarar ruwan da ake zubawa a kwami kamar daga wani gari take zuwa. Sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ubana ma dawaki yay yi. In ka hidda ƙayag ga yau, kumburi shi saɓe kahin Nasara shi komo, shi ɗauke ta. In ka bar ta, ƙahwa ta tahi. Ni ban ga komi ba. Tashi ka ja ta."

Har yau ban san ko tausayi ne ya ji ba, ko kuwa ƙyuya ce ta hana shi tada magana. Na dai wuni ina jiran a kira ni, duk gardin da ya nufo wajenmu sai in ɗauka ni ya zo kamawa. Na gaya wa Kawu abin da gardin ya ce. Gaba kura, baya siyaki. In an ɗauke ta, ta ɓace a hannuna. In ta gurgunce, ta lalace a hannuna. Ko ta ina na bi, hanyar arewa ce.

"Ɗana," in ji Kawu, "wanda yak kai gurguwa ya kai wani abu. Wanda yat tahi hannu sake ba shi da bakin magana. Da hanau gara mannau. Ni na ɗaure, in ana tahiya da mutum ni a tahi da ni."

Na ce masa ba hannunsa ne a kan gezarta ranar fatiha ba. Muka bar silin inda yake.

Da kumandan ya dawo, abin bai ɗauki lokacin shan fura ba. Ya fito da farar hularsa da 'yar bulala, ana wucewa da dawaki a gabansa yana nuna dama ko hagu. Da aka zo kan tawa ya tsaya. Ya zagaya ta, ya shafa wuyanta, ya buɗe bakinta, ya yi wata magana da tafinta yana girgiza kai. Ya sunkuya ya dubi ƙafar, warin ya buge shi, ya ja da baya ya nuna hagu. Tafinta ya ce, "Ya ce wanda yab ba baƙauye irin wagga dabba ya yi zunubi. Hita da ita." Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Muna shan kwanar dutse, inda ba a hango mu daga bariki, Kawu ya fiddo askar da aka mayar masa a bakin ƙofa. Sai da ya tsaga nama kafin ya kai ga silin. Ta yi wani nishi wanda ban so in sake jin irinsa. Muka kai ta gida a hankali, muna tsayawa a kowace inuwa. Aka yi duk abin da aka sani, ruwan zafi da kanwa, garin bagaruwa, man shanu, rubutun malam. Ciwon ya warke, ya bar zobe fari babu gashi. Amma jijiyar ta riga ta tafi. Tana taka ƙafar, sai dai kowane taku sai kanta ya yi ƙasa ya dawo.

Kawu ya ce in jira kaka, Agali ya zo da kansa. Iya ta ce a'a, wanda ya jira a zo a same shi ya ƙara laifi a kan laifi, kakana da ƙafarsa ya tafi. Ita ce ta shirya ni, kuma shirin wanda ba a sa ran dawowarsa ta yi mini. Ta ɗinka mini laya a hula. Ta zaunar da ni tana koya mini abin da ta tuna, yadda ake amsa kira da harshensu, da sunan ruwa da na wuta, da cewa kada in zauna a tabarmar da ba a nuna mini ba, kada in fara sa hannu a akushi. Tana faɗa tana gyara mini wuyan riga, ba ta yi kuka ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan bulalar bariki.

Na bi ta bayan Keita na haura, ina jan ta a ƙasa. Tafiyar da mai doki zai yi cikin ɗan lokaci ta zame mini doguwa, domin takunta nake bi. Ƙasar can duwatsu ne baƙaƙe da kwazazzabai, ka wuni ba ka ga mutum ba. Duk rijiyar da na tambayi zangon Agali sai a dubi goɗiyar, a dube ni, a nuna gaba. Na yi ta tunanin yadda za a yi. Ko zai sa a ɗaure ni, ko zai zare takobi, ko kuwa kawai zai nuna mini garke da sanda, in tsufa a can kamar yadda kakana ya kusa yi. Sau da yawa na tsaya na dubi hanyar kudu. Abin da ya hana ni juyawa shi ne ban san inda zan kai ta ba.

Na isa da hantsi. Zangon ya yi shiru fiye da yadda na san zangon Buzaye. 'Yan awaki ne kawai a gindin ƙaya, da turaku a jere babu komai a kansu. Goɗiyar ta ɗaga kai ta yi haniniya, ba abin da ya amsa mata. Agali ya fito daga bukkar fata. Na durƙusa tun daga nesa na yi gaisuwa, bai amsa ba, ita yake kallo. Ya ce in ja ta ta taka. Na ja ta, ta yi taku kaɗan. Ya ɗaga hannu na tsaya. Sai ya zo ya durƙusa a gabanta, dattijon da ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba in ba a salla ba, ya bi zoben da yatsa har ya zagaye.

"Sili?" ya ce.

"Sili, ranka shi daɗe."

"Don Nasara?"

"Don Nasara. Ya yi rangadi, munka jira."

Ya gyaɗa kai. Ita kuwa tana ta shinshinar rawaninsa. Na faɗi abin da na yi ta maimaitawa a hanya.

"Ta lalace ga hannuna. Na zaka da kaina, awa yadda anka yi alkawali."

Sai a lokacin ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, ban san ko na fushi ne ba, na jira abin da zai biyo baya.

"In yi mi da kai, ɗan gidanmu? Raƙuman da za ka kiwo suna ina?" Ya nuna turakun da haɓa. "Gardawan Nasara sun zaka nan ma. Sun tahi da uwatta, da 'yan'uwanta, da ingarman. Ita ɗai tas saura, ina cewa ta tsira tun da tana ga talaka."

Na ce ai goɗiya ba da ƙafa take haihuwa ba, iri bai ɓace ba.

"Da wane ingarma?" ya ce.

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa wuyanta. Ya kira wata mata ta kawo nonon akuya a akushi, ya riƙe mata da hannunsa har ta shanye, sannan ya sa aka kawo mini nawa.

"Ɗauke ta ka koma. Ba ni iya kallon ta tana tahiya hakanga, ba ni son ɗiyana su tashi su ce wagga ita ta dokin gidanmu. Na bar maka rabina. Kada ka kawo ta gona in mun sauka."

Ya ja rawaninsa har gindin ido, ya juya ya shiga bukka. Na tsaya ina jiran ko akwai saura, babu. Na ja ta muka juyo, ba wanda ya raka mu, ba wanda ya tsai da mu.

Ranar da na shigo gari Iya na bakin zaure tana tsince wake. Ta hango ni ta ajiye faifan, ta tsaya tana kallo har na iso, kamar tana tsoron in ta yi motsi zan ɓace. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta dubi bayana ko akwai wanda ya biyo ni.

"Ya sake ka, mai gida?"

"Ya sake ni, Iya."

"Ita hwa?"

"Ya bar min ita duka."

"To, mi kake ma kuka?"

Na wuce na ɗaure goɗiyar a turkenta, na shiga neman abin da zan ba ta ta ci.